Ƙafar gaba ba ta karyewa sai ta yi magana

 Wanda shirin wannan mako ya wuce shi a rediyo, ga shi a takarda. Wanda ya ji kuma, to ya ninke takardar ya ajiye a aljihun mota, ranar amfaninta tana nan tafe.

Bari in fara da abin da ya same ni. Bara, da ƙarshen damina, na shiga wata tsohuwar boksi daga Sinja za ni wata kasuwar ƙauye neman labari. Muna da yawa a baya, ga buhuna, ga tumaki biyu an ɗaure. Tun daga tasha ake jin wani ƙara, gam-gam, daga ƙafar gaba ta dama duk sanda aka faɗa rami. Wani dattijon Bafulatani da ke zaune kusa da ni ya leƙa ta taga ya ce wa direba, "Ɗana, motar nan taka fa ɗingishi take yi." Direba ya yi dariya ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, shokazoba ce, tun bara take haka." Da muka sauka daga kwalta muka zo tsallake wata ƙorama, sai muka ji ƙas! Gaban motar ya durƙusa, taya ta kwanta a ƙarƙashi kamar raƙumi ya guggurfana. Allah ya sa tafiyar a hankali ce, babu wanda ya ji ciwo. A nan muka kwana, kasuwa ta ci ta watse ba mu. Da daddare dattijon nan ya ce da ni, "Malam, ni saniyata idan ta fara ɗingishi, ɗaga ƙafar nake yi in duba kofato. Ba na jira sai ta kwanta."

Maganar dattijon nan ita ce shirinmu na yau. Na zagaya wurin masu gyara a unguwar makanikai ta Sinnar, na yi ta tambaya, kuma bakinsu ɗaya: ƙafar gaba takan yi makonni, wani lokaci watanni, tana ba da sanarwa kafin ta karye. Matsalar ita ce mun saba da ƙarar har mun daina jin ta.

Me ya sa hanyoyinmu ke cin ƙafar mota

Kai da kanka ka san ƙasarmu. Daga Jazira har kudancin Damazin baƙar laka ce. Da rani ta dare, ta bushe kamar dutse, sawun tarakta da na manyan motoci da suka bi ta da damina su zama kunya-kunya. Daga watan Yuni zuwa Oktoba kuma ta zama taɓo mai riƙe taya kamar danƙo. Kwaltar da ta taso daga Wad Madani ta ratsa Sinnar da Mai Wurno da Sinja ta nufi Damazin ita ce mai sauƙin, ita ma da ramukanta. Amma mai zuwa Dali da Mazmum, ko cikin ƙauyukan Dindir, ko Kurmuk da Gaisan a bakin iyakar Habasha, ya san inda kwalta take ƙarewa. Ƙura tana shiga gaɓoɓin ƙafa da rani, ruwa da laka su shiga da damina, su haɗu da giris su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ga kuma kayan gyara da suka yi wuya suka yi tsada tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Saboda haka ba mu da kuɗin yin canke, wato a sayi wannan a ɗaura, in ƙara bai tafi ba a sayi wancan.

Abin da ke cikin ƙafar

Kafin ka duba, ka san abin da kake dubawa. Zan ba ka sunayen da Hausa da kuma yadda masu sayar da isbir ke kiransu a nan, don kada a yi maka wayo a shago.

Akwai hannun da ke riƙe taya da jikin mota, wanda ake ce wa maƙas, wato almakashi, saboda siffarsa. A gindinsa akwai robobi, bushin ke nan, ko jilba. A bakinsa akwai boljoyin, wanda wasu masu gyara ke kira baida, wato ƙwai. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san shi: kan ƙashin cinya ne zaune a cikin kwarminsa, yana juyawa ta ko'ina. Akwai sandar da ke kai umarnin sitiyari zuwa taya, tayarod, ita ma da ƙaramin ƙwai a bakinta. Akwai sifirin, yay, mai ɗauke da nauyin mota. Akwai shokazoba, musa'id, mai hana mota yin ta rawa bayan ta faɗa rami. Sai boris, bili, wanda taya ke juyawa a kansa.

Motoci kuma ba ƙafa ɗaya gare su ba. Tsofaffin Land Cruiser ƙirar 70, kafin 1999, gatari ɗaya ne miƙaƙƙe a gaba a kan sifirin mai falle-falle, haka ma tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu da yawa. Su ba su da boljoyin irin na maƙas, boris ne sama da ƙasa a gwiwar gatarin. Yawancin Hilux da aka ƙera kafin 2005 da ke da maƙas biyu, sifirinsu doguwar sanda ce ta ƙarfe mai murɗewa. Daga 2005 aka koma sifirin mai naɗi. Ƙananan motoci irin su Accent da Atos da Corolla kuwa, shokazoba da sifirin a haɗe suke tsaye wuri ɗaya, da maƙas ɗaya a ƙasa.

Fara da kunne da ido

To, ɗan'uwa, ka kashe rediyo, ko da mu kake saurare, ka sauke gilashi, ka bi hanya mai gargada a hankali.

Idan ka ji gam-gam mai nauyi a kan rami, zargi ya faɗa kan boljoyin, ko bushin maƙas, ko robar shokazoba. Idan ƙaramin ƙwas-ƙwas ne mai yawa a kan tsakuwa, yana ɓacewa a kwalta mai kyau, sau da yawa 'yan sandunan da ke haɗa sandar hana tangaɗi ne, aikinsu kuma ba shi da tsada. Idan ƙiii ne kamar tsohuwar ƙofa sanda kake juya sitiyari ko mota tana sunkuyawa, gaɓa ce ta bushe ba giris, kuma boljoyin da ya bushe ba ya daɗewa. Idan gurnani ne, guuu, yana ƙaruwa da gudu, yana sauyawa idan ka karkata hagu ko dama, boris ne. Idan ƙas-ƙas-ƙas ne a jere sanda ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana tafiya, wannan gaɓar shaf ce mai juya taya, ba ƙafa ba ce. Idan ka taka birki ka ji gam sau ɗaya, ko mota ta fizgi gefe, duba bushin.

Sannan ka sauka ka karanta taya, domin taya ba ta ƙarya. Idan ta cinye ta gefe ɗaya kawai, ciki ko waje, ƙafar ta karkace, ko wata gaɓa ta saki. Ka shafa tafin hannunka a kan zanenta: idan ta wannan gefe santsi ta wancan kaifi kamar haƙoran zarto, bakin tayoyin biyu ba ya kallon gaba daidai, tayarod ko saiti ke nan. Idan ta yi kwari-kwari zagaye da ita, shokazoba ta mutu, taya tana tsalle a hanya. Idan gefe biyun suka cinye tsakiya na nan, wannan ƙarancin iska ne, kada ka ɗora wa ƙafa laifi.

Shokazoba kuwa gwajinta a tsaye ake yi. Danna kusurwar mota da ƙarfinka ka saki. Ta tashi ta tsaya, lafiya. Ta yi ta lilo sau biyu sau uku, ta gama aiki. Ka leƙa jikinta: idan mai ya jiƙa ta har ƙura ta manne ta yi baƙi, ta fashe.

Ɗaga ƙafar ka duba

Nan ne maganar dattijo. Amma tukuna, ranka ya fi mota. Ƙasarmu tana cin amanar afrita, wato jak: ko ta nutse a laka, ko ta zame cikin tsaga. Ka nemi wuri mai tauri, ka sa katako mai kauri a ƙarƙashinta, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da duwatsu. Idan ka ɗaga, ka sa gungumen itace ko ƙafar ƙarfe a ƙarƙashin shasi. Kada ka kuskura ka sa kanka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulo ma ba abin yarda ba ne, farfashewa yake yi ba sallama.

Kama taya da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka girgiza ciki da waje. Idan ka ji tana motsi, ko boris ne ko boljoyin. Ga yadda za ka raba gardama: sa yaron mota ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Motsin ya ɓace, boris ne. Motsin yana nan, boljoyin ne ko bushin, ko boris ɗin gwiwa idan motarka mai miƙaƙƙen gatari ce.

Sai ka kama ta dama da hagu ka girgiza. Motsi a nan na tayarod ne ko sauran hannuwan sitiyari. Ka sa wani ya ɗora hannu a kan kowace gaɓa kana girgizawa, wadda ta saki zai ji tana bugun tafinsa.

Ga wani sirri da ke ɓatar da mutane da yawa. A motar da sifirinta ke danne da maƙas na ƙasa, idan ka ɗaga ta ta shasi, ƙarfin sifirin zai matse boljoyin, ka girgiza ka ji shi gam, alhali ya mutu. Irin wannan mota a ƙarƙashin maƙas ɗin ake sa jak, kusa da taya, sannan a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar a ɗaga sama a saki, wani yana kallon gaɓar. Idan ƙwan yana hawa da sauka a cikin kwarminsa, an gama magana.

Daga nan ka duba robar da ke rufe kowace gaɓa. Robar da ta yage ƙofa ce a buɗe ga ƙura. Ka zura ƙarfe kusa da bushin ka taɓa: roba mai rai tana turjewa, matacciya ta tsattsage ko ta rabu da ƙarfenta. A mota mai sifirin falle-falle, ka ƙirga fallayen ka ga ko wani ya karye, ka taɓa notocin da ke ɗaure su da gatari. Ka kuma duba shasi inda maƙas da shokazoba da akwatin sitiyari suke ɗaure, domin a tsohuwar mota wurin nan yakan tsage. Layin tsatsa siriri a kan fenti alama ce.

Wanda zai jira da wanda ba zai jira ba

Na san aljihu ba ya ɗaukar komai a rana ɗaya, don haka ga jerin gwano. Boljoyin mai motsi, tayarod mai motsi, boris mai gurnani yana zafi, tsagewar shasi, da babban fallen sifirin da ya karye: waɗannan ba a ɗaukar fasinja a kansu, ko zuwa Mai Wurno ne daga Sinnar. Boljoyin na ƙasa idan ya fita, taya kwanciya take yi, wani lokaci ta tsinke tiyon birki. Tayarod idan ta fita, sitiyari yana hannunka amma taya ba ta jin maganarka. Mu a ƙorama abin ya same mu muna rarrafe. Ka ƙiyasta a ce a kan kwalta ne, ana gudun kilomita 80, ga mutane a saman kaya.

Shokazoba da bushin da 'yan sandunan hana tangaɗi za su iya jiran kasuwa ɗaya ko biyu idan ka rage gudu da kaya. Amma ka sani jiran ba kyauta ba ne. Matacciyar shokazoba tana tsawaita birki, tana cin taya, kuma duk dukan da ta ƙi karɓa boljoyin ne ke shan sa.

Idan an zo gyara

Ko da ba kai za ka riƙe sifana ba, ka tsaya a kan motarka. Ka ce wa usta cikin ladabi, "Usta, don Allah nuna mini inda take motsi kafin a kwance." Mai gyaran kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Shokazoba da sifirin biyu-biyu ake canza su, dama da hagu, in ba haka ba mota za ta riƙa tafiya a karkace. Boljoyin kuma idan ɗaya ya mutu, ka duba ɗan'uwansa da kyau, ai hanya ɗaya suka bi.

Kada ka yarda a yi wa boljoyin ko tayarod walda, ko a bubbuge kwarminsa da guduma don ya matse, ko a cusa masa guntun roba ko gwangwani. Ƙarar za ta yi shiru, lalacewar tana nan, ka kashe mai yi maka gargaɗi ne kawai. Idan a daji ne aka yi dabara don a fito, to a fito a hankali, ba fasinja, a zarce gareji. Haka nan kada a gasa sifirin da wuta don a ɗaga shi, wuta tana kashe ƙarfinsa.

Wajen cire gaɓa, a sassauta noti a bar shi a kai, a bugi gefen ƙarfen da gaɓar ta shiga, ba kan zaren ba. Wajen mayarwa, notin nan mai tsaga-tsaga a kai dole a zura masa sabon fil a lanƙwasa. Ƙusa ko waya ba fil ba ne. Ka gani da idonka kafin a mayar da taya.

Sifirin mai naɗi a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi. Ba a kwance notin saman shokazoba sai an kama shi da abin matse shi na ainihi, ba igiya ba. Mai sandar murɗewa kuma, a yi alama a auna tsawon zaren kafin a sassauta, don mota ta koma tsayinta. Masu ɗaure sandar nan fiye da kima don gaba ya tashi, su sani suna takura boljoyin na sama ne, suna kuma cinye taya.

Notocin bushin ba a yi musu ɗaurin ƙarshe mota tana sama. A sauke ta, nauyinta ya zauna, sannan a ɗaure. Wanda aka ɗaure a rataye a murɗe yake kwana, ba ya kai ko'ina zai yage, ka ce jabu aka sayar maka.

Idan an canza kan tayarod, a ƙirga zagaye nawa tsohon ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon daidai haka. Wannan zai kai ka gari ne kawai. Bayan duk aikin ƙafa sai an yi saiti. Inda babu na'ura, a miƙe sitiyari a wuri mai lebur, a auna tsakanin tayoyin biyu ta gabansu da ta bayansu a tsayi ɗaya. A yawancin motocin nan awon biyu kusan ɗaya ne, ko na gaba ya gaza da 'yan milimita kaɗan. Idan bambancin ya kai faɗin yatsa, sabuwar tayarka ba za ta ga kaka ba.

Wajen saye, tafi da tsohon a hannunka ka gwada su. Sabon boljoyin yana da tauri, da ƙyar hannu ke juya shi. Wanda ke lilo tun a kwali, ko robarsa ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ajiye musu kayansu. Na hannu da aka ciro daga wata mota, idan na asali ne, robarsa lafiya, ba ya motsi, yakan fi sabon jabu. Araha ba ta ado.

Kaya da giris

Abu biyu suka rage, kuma su ne masu arha. Na farko kaya. Boksi irin Hilux abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da mutane. Buhun dawa namu kilo 90 ne ko kusa da haka. Buhu 11 ya kai kilo 990. Ka ga ke nan kafin fasinja ɗaya ya hau, an cika mudu. Idan aka labta kaya a can ƙarshen baya, gaba yana ɗagewa, sitiyari ya yi sakayau, ƙafar gaba ta riƙa dukan ƙasa tana tashi. Ka matso da masu nauyi kusa da kan mota. Dabbobi kuma a ɗaure su, domin bijimi idan ya matsa gefe ɗaya a kan kwana, motar yake ja.

Na biyu giris, shaham. Tsofaffin motocin nan da yawa suna da 'yan nonuwa a gaɓoɓinsu inda ake ɗura shi. Duk sanda ka canza baƙin mai ka ɗura, kuma duk ranar da ka ratsa ƙorama ko taɓo mai zurfi kada ka jira. Ka goge bakin nonon kafin ka ɗura, ka tsaya da zarar robar ta kumbura, kada ka fasa ta. Lakar da ta bushe a cikin rim ita ma a kankare ta, takan sa sitiyari rawa har mutum ya zaci wani babban abu ne ya lalace.

Kai kuma fasinja, makiyayi ko ɗan kasuwa, da ba ka da mota, kana da ido kana da baki. Kafin ka ɗora buhunka ko ragonka, tsaya a gaban motar ka dube ta. Idan taya ɗaya ta kwanta ciki ta sama, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, ko ka ga zare ya fito a gefen taya, ka yi magana. Idan direba ya yi dariya, ka jira ta gaba. Kasuwar mako ce, wani makon za ta sake ci.

Direbobi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da babu lodi, ka ware rabin sa'a kai da yaronka, ku ɗaga ƙafar nan ku girgiza, dama da hagu. Wanda ya gwada ya ga wani abin da bai gane ba, ya aiko mana da saƙo yadda aka saba, za mu kai tambayar wurin masu gyara mu kawo amsa a shiri na gaba, inda za mu taɓa maganar birki kafin ruwa ya sauka.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya da dabbobi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.